Kwamfutar Safiya da Dokar Babanku

Daminar da Safiya za ta gama makaranta damina ce mai albarka, irin wadda ko ta wuce ƙamshinta ba ya barin hancin mutum. Ruwa ya sauka da wuri, kuma bai yi mana fashi ba. Duwatsun Kazaure suka rufe da kore har sai ka lura sosai kafin ka hango baƙin dutsen, awaki suka yi ƙiba, geron da muka bayar a noma mana a Roni ya fi mutum tsawo tun marka ba ta kankama ba. Gidanmu kuwa ya yi wani shiru da ban saba da shi ba. Duk kun watse, masu aure suna ɗakunansu, yayanku yana Kaduna wurin aiki, saura ni da Babanku da auta. Tukunyar da nake ɗorawa ta koma 'yar ƙarama, amma hannu bai manta ba, sai in zuba gari kamar kuna nan, mu wuni muna rabon tuwo a maƙwabta. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa samun hutu irin na wannan shekara ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne labarin da kuke bayarwa duk Sallah idan kun taru a tsakar gida. Sai wani ya ɗauko zancen yadda Baba ya hana a kashe kwamfuta, wani ya kwaikwayi muryarsa, jikoki su yi ta birgima a tabarma. Ni ma nakan yi dariya, don abin da dariya a cikinsa, shi ma da yana raye da ya taya ku. Sai dai babu ɗayanku da yake gidan a ranar da abin ya faru. Ita kanta Safiya ta waya ta ji. Ni ce nake zaune a gefensa, kuma ba na so yaran nan su tashi da cewa kakansu wani tsoho ne da yake tsoron na'ura. Allah Ya jiƙansa, ba haka ba ne.

Kun san direba ne tun kafin a haife ku, amma ƙananan cikinku ba su riski roka, tsohuwar motar ɗaukar kayan da ya fara ja ba. Ta wani attajiri ce, yana ɗaukar kaya daga nan zuwa Babura har bakin iyaka. Motar ba ta da kik, wato ba ta tashi da makulli sai ta ga dama, yawanci sai an tura. Saboda haka duk inda zai kwana sai ya nemi gangara ya ajiye ta, ya sa dutse a ƙarƙashin taya, da asuba a cire dutsen ta gangara ta kama. A Kazaure wannan ba wuya ba ne, ko'ina tudu ne. Amma wajen Babura ƙasa shimfiɗe take, ga yashi. Wata rana ya ɗauko tumatir cike da mota, ya tsaya yin sallar azahar a wani fili da babu gari kusa, ya kashe inji don kada ya sha mai a banza. Ko da ya idar ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ba gangara, ba masu turi. Kafin a samo makaniki tumatirin ya narke yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Mai motar ya karɓe makullinsa a gaban mutane, muka yi wata da watanni Babanku yana zaune a zaure. Bai cika ba da wannan labari ba. Abin da ya rage masa daga ciki magana ɗaya ce da yakan faɗa wa yaran mota: injin da ba ka da tabbacin tashinsa, kada ka kashe shi a inda ba mai tura ka.

Kwamfutar kuwa yayanku ne ya saya wa Safiya, ta hannu, irin wadda ake naɗewa kamar faifai biyu, don ta rubuta furojek ɗinta na shekarar ƙarshe. A kan yadda manoma suke adana wake da gyaɗa take rubutun, ta yi ta yawo ƙauyuka tana leƙa rumbunan mutane. Da farko lafiya lau, idan ta gama aiki ta kashe, da safe ta danna maɓalli ta kunna. Sai wata safiya ta danna, shiru. Ta danna har yatsanta ya yi ja, shiru. Ta ɗauka ta kai wa wani mai gyara a unguwar Kanti, ya kwance bayanta ya taɓa wani wuri da tsinken ƙarfe ta tashi. Ya ce mata maɓallin kunnawar ne ya kusa mutuwa, irinsa sai an aika an nemo, kuma bai san ranar da za a samu ba. Kafin nan ta riƙa rufe murfin kawai idan ta gama, kada ta kashe gaba ɗaya, don ba kullum za a yi sa'a ba. Muna cin tuwon dare take ba mu labari. Babanku ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"To ai magana ta ƙare. Wannan ba ta da kik. Daga yau ba mai kashe ta a gidan nan."

"Baba, ai ba mota ba ce."

"Tana da inji?"

"Tana da 'yar fanka dai a ciki."

"Tana zafi idan ta yi aiki?"

"Tana yi."

"To me ya rage? Taya?"

Haka doka ta kafu. Ya sa aka yanko masa katako biyu aka ɗora ta a kai don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ni da na ga ƙura na rufa mata ɗankwali, ya ce in cire, ba a toshe wa inji hanci. Idan aka ɗauke wuta, ɗan batirin solar da muke da shi ita ce ta farko a kansa, sannan rediyonsa, sannan ƙwan lantarkin ɗakina. Da safe kafin ya fita masallaci sai ya bi ta ɗakin Safiya ya kara tafin hannunsa a gefen da iska mai ɗumi take fita, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Wani lokaci ya ce, "Yau tana nishi, ki rage mata kaya." Safiya ta kalle ni, in kawar da kai don kada mu haɗa ido mu yi dariya.

Akwai abin da ku ba ku lura da shi ba a lokacin, don yana ɓoyewa idan kun zo. Idonsa ya riga ya yi nisa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, wanda ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. A wannan damina yana ganin mutum idan ya tsaya a haske, yana bambance launi, amma gefe da gefe duk ya rufe. Shi ya san abin da bana ya gani baɗi ba lallai ya gan shi ba. Cikin 'ya'yansa mata Safiya ce ta fara kaiwa wannan matsayi a karatu, kuma ya taɓa ce mini, muna zaune mu biyu, ba ya roƙon komai a kan idon nan sai ya ga yarinyar cikin rigar gama makaranta. A makarantarsu kuwa duk wanda bai miƙa furojek ranar da aka sa ba, sai ya jira wata shekara. Shi ya sa yake tattalin na'urar nan kamar ƙwai.

Ana gobe za a rufe karɓar furojek, da sassafe aka bugo waya cewa Goggonku Ladi, ƙanwarsa da take aure a wani ƙauye bayan Gwiwa, jikinta ya tashi kuma maganinta ya ƙare. Shi ba ya iya hawa babur a wannan hanya, ni kuma ba na barinsa shi kaɗai. Safiya tana zaune tun asuba tana shigar da gyare-gyaren ƙarshe da malaminta ya ce ta yi. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofarta.

"Auta, ko za ki kai wa goggonki magani ki dawo? Kafin la'asar kina gida."

Ba ta yi musu ba. Ta rufe murfin kwamfutar, ta sa hijabi, ta ce idan ta dawo da yamma za ta kwashe aikin a filas ta kai a buga mata. Filas ɗin wani ɗan abu ne kamar rabin yatsa da ake soka wa kwamfuta a ɗebi rubutu a ciki. Ta fita rana tana haskawa.

Bayan azahar gabas ta haɗe. Ruwan da aka yi ranar nan ban ga irinsa ba a duk daminar, kamar ana juye randa. Aka ɗauke wuta tun iskar farko. Wajen la'asar waya ta yi ƙara, muryar Safiya tana zuwa tana yankewa. Rafin da ke tsakaninsu da titi ya cika ya ɓalle kwalbati, ba babur ba, ko mai ƙafa ba ya haye shi, mutanen garin sun ce sai ruwa ya janye, wataƙila jibi. Tana kan wani tudu a bayan gari ne ma take samun layi.

"Inna, ki saurare ni da kyau. Filas ɗin yana cikin ƙaramin aljihun jakata. Ki kira Maman Joy ta zuba mini aikin a ciki. Gobe kafin azahar sai an kai."

Maman Joy maƙwabciyarmu ce ta jikin katanga, mutuniyar Filato, ta yi aikin buga takardu a sakatariya har ta yi ritaya. Tare muka yi goyon ƙananan cikinku, ta san ɗakina na san nata. Na leƙa ta katanga na ƙwala mata kira, sai ga ta ta shigo da roba kife a ka, zaninta ya jiƙe sharkaf.

"Maman Safiya, wa ya mutu da za ki fito da ni cikin wannan ruwa?"

"Ba wanda ya mutu. Zo ki taimaki 'yarki."

Ta goge hannu, ta sa tabarau, ta ɗaga murfin. Fuskar kwamfutar ta kawo haske, ga rubutun Safiya nan, amma ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka. Ta shafa yatsa, ɗan kibiyar da ke yawo a fuskar sai ya yi tsalle ya tsaya, ya yi tsalle ya tsaya. Ta soka filas, ba abin da ya nuna. Ta cire ta hura masa iska ta mayar, ta sauya rami, duk ɗaya. Fankar ciki kuwa tana ta kuka kamar injin markaɗe. Babanku yana zaune a bakin gadon Safiya da sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"Tun jiya na ji muryarta ta sauya," in ji shi.

Maman Joy ta ce, "Baba, wannan ta gaji ne. Yaushe rabon da a kashe ta?"

"Ba a kashe ta."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Maman Joy ta cire tabarau ta dube ni. "Yesu! Ko jaki ne ai ya kwanta."

Na kira yayanku na sa wayar a bayyane don kowa ya ji. Da ya gama saurare sai ya ce abu mai sauƙi ne, a danne maɓallin a riƙe har ta mutu, a bar ta ta huce, sannan a kunna.

"A kunna da me?" in ji Babanku.

"Da maɓallin mana, Baba."

"Maɓallin da ya mutu? Kai da ka sayo ta ba ka san ba ta da kik ba?"

Ashe Safiya ba ta taɓa gaya wa yayanku ba, don kada ya ji kamar an raina kyautarsa. Ni kuma na ce ko mu bar ta haka, da safe in ɗauka in kai wa mai gyara. Maman Joy ta nuna mini wani ɗan zane a ƙasan fuskar, ta ce wannan shi ne cajin da ya rage mata, kuma da irin wannan kukan da take yi ba za ta kai safe ba. Batirin sola kuwa tun azahar bai ga rana ba. Idan muka bar ta, za ta mutu da kanta cikin dare, mu tashi da abin da muke gudu.

Nan ne yayanku ya ce to a gwada ristat. Maman Joy ta ce ita ma abin da take tunani ke nan. Da ƙyar ta lallaɓa kibiyar nan zuwa wani lungu, wasu kalmomi uku suka fito a jere. Ta ce na sama barci ne, wanda take yi kullum idan an rufe murfi. Na tsakiya kashewa ne gaba ɗaya, sai an danna maɓalli ta tashi. Na ƙasa shi ne ristat: za ta sauke duk abin da ta ɗauka, ta mutu, sannan ta tashi.

"Wa zai tashe ta?" in ji Babanku.

"Ita za ta ta da kanta, Baba. Ba ruwanta da maɓalli."

"Amma za ta mutu."

"Za ta mutu, na ɗan lokaci."

"Fankar za ta tsaya?"

"Za ta tsaya."

Ba su ɓoye masa komai ba, ita da yayanku. Suka ce tsohuwar na'ura ce, ba wanda zai rantse za ta dawo. Suka ce tunda ta daɗe ba a yi mata haka ba, tana iya tsayawa gyare-gyaren kanta ta ɗauki lokaci, kuma idan caji ya ƙare tana tsaka da wannan, abin zai fi na da muni. Sannan duk abin da Safiya ta rubuta da safe, in ba ta adana shi ba, ya tafi. Muka nemi Safiya a wayar Maman Joy don ta yanke da bakinta, layi ya ƙi shiga. Ruwa yana ta dukan kwano har sai mun ɗaga murya.

Babanku ya sunkuyar da kai ya daɗe. Na san inda ya tafi. Na san yana tsaye ne a wancan fili na wajen Babura da makulli a hannu. Can ya ɗago.

"Maman Joy, wato kamar kana tsakiyar gangara inji ya ɗauke, ba ka taka birki ba, ka bar ta da gudunta, ka saki kuloci ta kama?"

"Baba, ni ko keke ban taɓa tuƙawa ba. Amma in haka ne ya kwanta maka, to haka ne."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Ku ji nan, har kai da kake waya. Ni na kafa dokar nan, ni kuma na aiki yarinyar nan Gwiwa. In abin nan ya ƙi tashi, kada in ji an ce Hajara ce ta taɓa, ko Maman Joy ce ta ba da shawara. Ni na ce a yi. In shekara ce ta tafi, a wuyana take."

Wannan maganar ce ba ta cikin labarin da kuke bayarwa. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da shekara ɗaya za ta ci masa, shi ne ya faɗe ta.

Maman Joy ta ja kujerarta baya, ta ce ita fa ba za ta danna ba, kayan 'yata ne, hannuna ya kamata. Na ce ni da ban taɓa taɓa abin nan ba sai da tsumman goge ƙura? Ta ce yatsa ɗaya ne, ba tuƙin jirgi ba. Na matso. Kun san karatuna na ajin manya ne, wanda na shiga bayan na yaye Safiya, kuma Hausa aka koya mana, ba Turanci ba. Amma malamarmu ta hore mu da ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma mu bi ta harafi-harafi kafin mu buɗe baki. Haka na yi. Na bi ta tsakiya na ga da abin da ta fara, na bi ta ƙasa na ga nata daban ne, na tambayi Maman Joy ta tabbatar mini har sau biyu, don tsakaninsu bai fi faɗin ƙwayar gero ba, kuma kibiyar tana tsalle. Babanku ya miƙo hannu ya lalubo gefen da iska take fita ya kara tafinsa.

"Bismillah, Hajara."

Na danna.

Ba ta mutu nan take ba. Ta yi ta tunani, ta fito da wata tambaya, Maman Joy ta ce tana cewa akwai aikin da bai rufu ba, a ci gaba ko a fasa. Babanku ya ce a ci gaba. Na sake dannawa. Fuskar ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi ƙirin. Kukan fankar da muka yi wata da watanni muna ji har mun daina jin sa, ya tsaya cak. Sai ƙarar ruwa kawai.

"Ta ɗauke," in ji shi, a hankali.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na san dai na ga fuskata da ta Maman Joy a cikin baƙin gilashin, kowa baki a buɗe, kuma na ji yayanku yana cewa "Inna? Inna, me ake ciki?" Hannun Babanku yana nan inda yake. Mu masu ido muna kallon gilashi ba mu ga komai ba, sai shi ya ɗaga kai.

"Ta kama."

"Baba, ba abin da ya fito."

"Na ce ta kama. Ga iska nan."

Sai ga haske. Maman Joy ta buga cinya ta yi guɗa irin tasu, ni kuwa na zauna a ƙasa ina hamdala. Amma ba a gama ba. Wasu 'yan ɗigo suka fito suna zagaye, da lamba tana hawa a hankali kamar hawainiya, wato gyare-gyaren da aka ce za ta tsaya yi. Babanku ya ce a zare komai daga batirin sola a bar mata ita kaɗai. Na zare rediyonsa, na zare ƙwan ɗakina, muka zauna cikin duhun magariba da hasken fuskarta kawai. Ya yi alwala da ruwan indararo ya yi salla a ɗakin, ni ma na yi, Maman Joy tana gadin lambar tana faɗa mana duk sanda ta motsa. Da na ga abin zai ja, na kawo mana ɗumamen tuwo da man shanu muka ci a kwano ɗaya ni da ita, tana ba mu labarin wani shugabansu a sakatariya da yake dukan injin buga takarda da takalmi idan ya ƙi aiki. Babanku ya yi dariya har da tari. Kafin a kira isha'i ta gama ta buɗe. Kibiya tana tafiya sumul, fanka tana numfashi a hankali, aka soka filas ta karɓa nan da nan.

Aikin yana nan, babi-babi. Da layin Safiya ya shiga, Maman Joy ta karanta mata ƙarshensa, sai Safiya ta ce ba haka ta bar shi ba. Gyare-gyaren da ta zauna yi tun asuba babu su. Cikin saurin fita ba ta adana ba.

"Auta," in ji Babanku, "ni na ce a yi."

"Na ji, Baba." Can ta ja hanci ta ce, "A kai shi haka. Inna, a kai shi haka."

An rage mata maki saboda wannan gyaran, sakamakonta bai kai inda ta sa rai ba, kuma na san har yau idan zancen ya taso takan kawar da shi. Babanku bai taɓa cewa ba komai ba ne, bai kuma taɓa ɗora wa ruwa ko na'ura ba. Amma ta gama a shekarar. Ranar bikin na tsayar da ita a rana a gabansa, ya daɗe yana kallo, ya ce rigar shuɗiya ce, hular kuma kamar faranti, wa ya ce su sa faranti a ka? Dokarsa kuwa ba ta faɗi ba, gyara aka yi mata. Har aka samo maɓallin ba a kashe kwamfutar nan ba, sai dai duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan ce, "Hajara, je ki sake ta a gangara." In je in danna ta ƙasan, shi kuma ya kara hannu yana jira.

Washegarin ranar ruwan, gari ya waye tas kamar an wanke shi. Na dama masa koko na ajiye a inda hannunsa zai kai, na ƙulle filas ɗin a bakin zanina ƙulli biyu, na sa hijabin Sallah. Maman Joy ta rubuta mini abin da zan ce wa masu bugawa a 'yar takarda, amma ban ba su ba, na faɗa da bakina. Na tsaya a shagon da ke bakin ƙofar makaranta har aka buga, aka ɗinke, aka sa masa bango. Na rungume shi a ƙarƙashin hijabi saboda ɗigar bishiyoyi, na bi wasu 'yan mata har ofishin da ake karɓa. Wata ƙawar Safiya ta gane ni, ta shiga ta yi wa malamin bayani, ya ce in zauna a benci za a kira suna. Na zauna a tsakiyar yara sa'o'in autata, suna ta satar kallona suna ƙus-ƙus. Ana ta kira, ana ta shiga. Can mutumin ya leƙo ya ɗaga murya.

"Safiya Garba!"

Na miƙe na gyara hijabina.

"Na'am," na ce.